Fitilar da aka liƙe da baƙin salatif: yau kan birki za mu yi magana

Masu sauraro a waya, da ku da kuke jira sai an buga rubutun ku karanta saboda data ta yi tsada, duk ina gaishe ku.

Na ga saƙonninku. Wasu na so a koma maganar taki, wasu na so a taɓa 'yan siyasa. Ku yi haƙuri, yau birki ne a gabanmu. Eh, birkin mota. Na san wani zai ce wannan ya rasa abin faɗa ne? To ka ɗan tsaya. In dai kana hawa motar haya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ko kana bin hanyar Kano ta Kwanar Huguma da Wudil, wannan maganar taka ce.

Daminar bara na hau Sharon daga Birnin Kudu zan je ɗaurin aure Gwaram. Kun san yadda lodinmu yake: biyu a gaba, baya a cushe, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Ni ne na biyun gaba, wanda ƙafarsa ɗaya ke gogar giya. Mun wuce Babaldu ke nan aka fara yayyafi, irin wanda bai isa ya wanke kwalta ba, sai dai ya haɗu da ƙura da baƙin mai ya zama santsi. Muna shan wata 'yar kwana sai ga shanu sun hau titi. Direba ya danna birki iya ƙarfinsa, ya murza sitiyari dama. Wallahi ina kallon hannunsa, ya juya sitiyarin nan sosai, amma motar ko gezau, gaba kawai take tafiya kamar an ɗora ta a faranti. Can sai bayanta ya kewayo. Muka yi gefe, muka gangara gonar mutane, ta kwanta a kan haƙarƙarinta.

Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba. Amma wata baiwar Allah da ke bayana, ta rungume ɗanta, hannunta ya karye. Da ita aka juyo asibiti Birnin Kudu. Lokacin noma ne fa, kuma a mota ta ce mana ita ke tsaye da gonarta.

Mutane suka taru, kowa na cewa birki ne ya shanye. Ni kuma da na hau titi na duba, sai ga zanen tayoyi a miƙe sambal. Birkin da ya shanye ba ya barin wannan zanen. Wannan birkin ya kama, kamun da ya wuce kima, har tayoyin suka daskare suka daina juyawa. Sannan akwai wani abu da na gani tun a tasha ban kawo komai a raina ba: wani ɗan baƙin salatif da aka liƙa a gilashin dashbod, kusa da allurar gudu.

Bayan sati guda na bi sawun motar har garejin da aka ja ta. Na gaishe da maigidan garejin, dattijo ne, ya girmi yayana nesa ba kusa ba. Na ce, "Baba, don Allah me ke ƙarƙashin salatif ɗin nan?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko ke nan. Fitilar ABS ce. Ai wannan abin wahala ne, tuni aka mayar da ita manuwal." Ya ɗaga bonet ya nuna mini. Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da bututan man birki ke shiga suna fita. An zare su, an haɗa su kai tsaye, akwatin yana zaune kamar gidan da masu shi suka yi ƙaura. Na ce me ya lalace tun farko? Ya ce a yadda direban ya ba shi labari, fitilar ce ta kama ta ƙi mutuwa, aka ce masa a cire a huta.

To menene ABS ɗin da aka huta da shi?

Ku ɗauki tayar mota. Duk girman motar nan, inda take taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu huɗu ba, ɗaya a kowace taya. Tsayawa, shan kwana, kaucewa, duk a wannan tafin hannun ake yin su. Kuma abin da masu bincike suka daɗe da aunawa shi ne, taya ta fi riƙe kwalta lokacin da take juyawa tana ɗan turjewa, ba lokacin da ta kulle ba. Da zarar ta kulle ta koma silifas a kan jiƙaƙƙen siminti. Abu mafi muni, tayar da ta kulle ba ta jin sitiyari. Ka juya ta gabas ko yamma, inda motar ta nufa can za ta ci gaba. Abin da na gani da idona ke nan a hannun direbanmu.

Aikin ABS shi ne hana wannan kullewar. A kowace ƙafa akwai ɗan sensa da ke ƙirga juyin taya. In kwamfutar ta ga wata taya na shirin tsayawa alhali mota na gudu, sai ta sassauta mata birki, ta sake kamawa, ta sassauta, ta kama, fiye da sau goma a sakan ɗaya. Tsofaffin direbobi na yin irin haka da ƙafa, su taka su saki. Amma ƙafar mutum ba ta da wannan saurin, kuma ba ta iya ware taya ɗaya ta bar ukun. Jiragen sama ne suka fara amfani da dabarar tun shekarun 1950, don kada su zame a filin sauka. A 1978 kamfanin Bosch da Mercedes-Benz a Jamus suka sa irin na lantarki a motar da ake sayarwa a kasuwa. Ku lissafa da kanku, abin ya girmi yawancin masu sauraron shirin nan, har da ni.

Akwai wani ɓangare da ko baban garejin bai kawo shi a lissafi ba. A motoci da yawa na bayan nan, wannan akwatin dai shi ne ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. In ka taka birki nauyi gaba yake komawa, baya ya yi sakayau, don haka bai kamata ƙafafun baya su sami matsi daidai da na gaba ba. Tsofaffin motoci na da wani bawul na ƙarfe da ke wannan rabon. Sababbi kuwa kwamfuta aka bar wa aikin. Ka cire akwatin ka haɗa bututu kai tsaye, to ka cire mai rabon. Ƙafafun baya na iya riga na gaba kullewa, kuma motar da bayanta ya kulle juyawa take yi. Kun ga ashe ba tsohuwar mota mai sauƙin gyara aka mayar da ita ba. An mayar da ita abin da ko masu ƙera ta ba su taɓa gwadawa ba.

Yauwa. Yanzu mu hau mataki na gaba, wanda shi ya fi burge ni da na zauna karatu a kai.

Da injiniyoyi suka ga kwamfuta na iya kama taya ɗaya ita kaɗai, sai suka ce to me zai hana a yi amfani da wannan a juya motar? Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa ya san abin da nake nufi. Kana tafe da jarkoki, tayar hagu ta ci karo da dutse, ina kurar take yi? Hagu. Ba ka juya ta ba, turjewar ƙafa ɗaya ce ta juya ta. To a kan wannan aka gina na'urar daidaita mota. Jamusawa na ce mata ESP, Toyota na ce mata VSC, Honda VSA, BMW kuma DSC. A takardun hukuma ESC ake rubutawa. A dashbod alamarta hoton mota ce da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta.

Tana da sensa a sitiyari, wanda ke gaya mata inda direba ke son zuwa. Tana da wani a tsakiyar mota da ke jin yadda motar ke juyawa a kan kanta da yadda ake fizgarta gefe, shi kuma yana gaya mata inda motar ke zuwa a zahiri. Kullum tana gwada biyun nan, sau 25 a sakan ɗaya a lissafin Bosch. In sun yi daidai, shiru. In bayan mota ya fara kewayowa, sai ta kama ƙafar gaba ta wajen kwana, ta dawo da ita. In kuma gaban ne ya ƙi shan kwana yana neman miƙewa, sai ta kama ƙafar baya ta cikin kwana, ta ja hancin motar ya shigo, ta kuma rage wa inji wuta. Duk wannan kafin direba ya gama cewa innalillahi. Feda ɗaya ce a ƙarƙashin ƙafarsa, ita kuma kamar tana da huɗu.

Tarihin abin ma akwai daɗi. A 1989 wani injiniyan Mercedes, Frank-Werner Mohn, ya zame a kan ƙanƙara a arewacin Suwidin ya faɗa gefen hanya. Yana zaune yana jiran a zo a ja shi, tunanin ya zo masa. A Bosch kuma wani ɗan Holan, Anton van Zanten, shi ya jagoranci ayarin da suka yi shekaru suna lissafi da gwaji. A 1995 aka fara sa ta a wata babbar Mercedes ta masu kuɗi. Da a can za ta daɗe, sai ga abin kunya ya faru. A watan Oktoba na 1997 wani ɗan jarida a Suwidin, Robert Collin, ya ɗauki sabuwar ƙaramar Mercedes A-Class ya yi mata gwajin kauce wa dabba. A ƙasarsu akwai wata ƙatuwar dabbar dawa mai ƙaho, ta fi doki girma, tana faɗowa titi ba sallama. Gwajin shi ne ka kauce da sauri ka dawo hannunka. A gudun kilomita 60 ko kusa da haka, motar ta kife. Duniya ta ɗauka. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita na wasu watanni, ya gyara ƙafafunta, ya sa mata ESP, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Ku lura da gwajin nan fa. Dabba ta hau titi, direba ya kauce. Su sai sun jera robobi a fili sun shirya shi. Mu kuwa tsakanin Babaldu da Gwaram kullum ake yi mana shi kyauta, da shanu, da awaki, da ɗan acaɓa da ya fito daga lungu, da ramin da ba ya nan makon jiya.

Shin tana aiki? Binciken da cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka ta fitar a 2006 ya nuna tana rage haɗarin mutuwa a irin hatsarin da mota ke yi ita kaɗai da fiye da rabi, kuma ragin ya fi haka a kifewar dogayen motoci irin jif. Shi ya sa Amurka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a kan kowace sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Masana da yawa na cewa bayan bel ɗin kujera ba a ƙirƙiro abin da ya kai ta ceton rai a mota ba.

To mu ina muka tsaya?

Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya kwasa. Su ne 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano da muke hawa. A nan akwai wani abin mamaki. A 2018 ƙungiyar Global NCAP ta gwada sabuwar Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa a Afirka ta Kudu, ba ta sami tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya. Daga baya suka yi karo da ita da tsohuwar Navara ta kasuwar Turai, sai ta hannun ta fi sabuwar kare mutanen ciki. Wato wani lokacin tsohuwar motar Turai da ta iso mana ta fi sabuwar da aka ƙera domin mu kayan tsaro. Ba duka ba, Golf 3 da tsofaffin bas da J5 yawancinsu ba su san wata ESC ba. Amma Corolla da Honda da Sharon da Galaxy da yawa sun sauka a tashar jirgin ruwa da ABS lafiya lau, wasu har da na'urar daidaitawar. Kuma ita na'urar daidaitawa a kan ABS take zaune, famfo ɗaya, sensa ɗaya. Ka kashe ABS, ka kashe su duka biyun. Shekaru ana bincike, an kashe kuɗin da ba ya ƙirguwa, abin ya tsallako teku ya zo hannunmu ba mu biya ko sisi a kansa ba, mun sa sifana mun cire shi cikin awa ɗaya.

Sai dai zan yi adalci, don ba na son gobe a ce na zagi bakanikai. Ina da abokai a gareji, wasunsu sun fi ni kai nesa. Suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Direba zai ce maka ABS ba ya tsayawa a yashi. Akwai gaskiya a ciki. A kan tsakuwa ko rairayi, tayar da ta kulle tana tara ƙasa a gabanta, sai ta tsaya da wuri, mai ABS kuma takan ɗan ƙara nisa. Masu ƙera motar ma sun san haka. Amma a kan kwalta, musamman jiƙaƙƙiya, inda ake gudu ɗari da wani abu, labarin ya sha bamban, kuma can ne ake mutuwa. Wani kuma zai ce da ya taka birki feda ta riƙa rawa tana gurnani, ya ɗauka birkin ne ya lalace. Wannan rawar ita ce aikin. Ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya koyi tuƙi a hannun maigidansa a kan motar da ba ta da shi, sai ya ɗaga ƙafa a daidai lokacin da ya kamata ya ƙara dannawa. In kana da ABS, ka taka da ƙarfi, ka riƙe, ka juya sitiyari inda kake so. Shi ke nan.

Sannan ga kuɗi da kayan aiki. Fitilar ABS na iya kamawa saboda waya ɗaya da ta tsinke a bayan taya, ko laka da ta toshe sensa, ko fiyus. Amma kafin ka san wanne ne sai an sa mata kwamfuta, garejin ƙauye kuma ba shi da ita. Ko an gano, kayan sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano. Direban da ke da balas a wuyansa kullum yamma, ka ce ya ajiye mota kwana biyu? Salatif ya fi araha. Na fahimce shi. Fahimtar dai ba ta ɗora hannun baiwar Allahn nan ba.

Tunda mun buɗe bonet, bari in ƙarasa tona abin da ke ciki, kowa ya san ana yi. Bututun birki ya fashe a hanya, sai a naɗe bakinsa a buge da guduma, a kashe ƙafa ɗaya, a ce in an isa gari za a gyara. Wata uku ba a isa garin ba. Ku tuna kurar ruwa: ƙafa uku na kamawa ɗaya ba ta kamawa, ina motar za ta yi? Ga masu zuba ruwan omo a madadin man birki. Man birki mai kyau sai ya haura digiri 200 kafin ya tafasa, ruwa kuwa a 100 ya gama. Ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake yi, sai ka ji feda ta tafi ƙasa fayau. Wannan ita ce shanyewar birki ta gaskiya. Ko man kirkin ma yana shan danshi a hankali, shi ya sa ake canza shi duk bayan shekara biyu ko makamancin haka.

Taya kuma a jikinta akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na 2015. Duk wayon kwamfuta, ta wannan tafin hannun huɗu take aiki. In taya ta zama gwaigwaye, ba abin da za ta riƙe da shi. Haka lodi. Duk buhun da aka ɗora a rufi yana ɗaga nauyin mota sama, yana sauƙaƙa mata kifewa.

Gudu kuwa lissafinsa ba ya tausayi. In ka ninka gudu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, mai gudun 80 na buƙatar wajen mita 36 daga lokacin da birki ya kama. Mai 120 na buƙatar wajen mita 80. Ka ƙara da sakan ɗayan da ido ke gani kafin ƙafa ta motsa, a 120 wannan kaɗai mita 33 ne. Ka haɗa, ya fi tsawon filin ƙwallo. Tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Ku da kuke hawa ku za ku faɗa mini ko kuna jin aikinta.

Ba zan rufe wannan babin ban ambaci Majiya ba. Daren 15 ga Oktoba 2024, a ƙaramar hukumar Taura, tankar mai ta faɗi, mutane suka taru ɗiban fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Makonni aka yi ana muhawara kan masu ɗiban man, talauci ne ko ganganci. Tambayar da ban ji an tsaya a kanta sosai ba ita ce ta farko: me ke kayar da tanka? Tanka doguwa ce, nauyinta a sama yake, kayanta kuma ruwa ne, in an kauce da sauri sai ya kwaɓa gefe ɗaya ya tura ta. Direba na gaba, sau da yawa ba ya jin bayansa ya fara ɗagawa sai aiki ya gama. Akwai na'urar da aka yi musamman don wannan, tana jin fizgar gefe, ta rage wuta ta kama birki kafin taya ta bar ƙasa. Amurka ta wajabta irinta a kan sababbin kawunan tirela tun 2017. Tankokin nan ta cikin kasuwanninmu suke ratsawa. Ya kamata a ce akwai mai tambayar masu su me ke jikin motocinsu.

Kuma kada gwamnati ta ji ina ta kan direbobi ta ɗauka ta tsira. A Agusta 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, bas ta zo ta afka, mutum 21 suka rasu. Babu kwamfutar da za ta tsayar da mota a kan titin da babu shi. Wannan aikin masu gyaran hanya ne da masu kafa shinge da alama.

To me nake nema a wurinku? Abu ne da ba ya cin ko naira. In direba ya murza makulli kafin inji ya tashi, fitilun dashbod duk suna kamawa, motar na duba kanta ke nan. Ka nemi mai ruwan ɗorawa da aka rubuta ABS a cikin zagaye. Lafiyayya za ta kama, bayan 'yan sakanni ta mutu. In ta kama ta zauna, na'urar ba ta aiki, birki na nan amma ba mai hana shi kullewa. In kuma motar irin mai ABS ce amma fitilar ba ta kama ba sam, to a binciki rewaya, wataƙila an zare ƙwan ko an rufe shi. Masu sayen mota ku riƙe wannan da kyau, don ana yi wa mai saye wannan wayon. In kuma jar fitilar birki ce ta zauna bayan an sauke birkin hannu, ni dai sauka zan yi.

Na san ba kowa zai iya sauka ba. Ranar kasuwar Sara, yamma ta yi, mota ɗaya ta rage, wa zai tsaya duba fitila? Shi ya sa nake ganin gyaran a tasha yake. Shugabannin yuniyon na da ikon hana mota lodi kan kuɗin tikiti, to suna da ikon hana ta kan ƙafar birki da aka kashe. Na'urar da ake soka wa mota ta karanto laifinta yanzu har da wadda ake haɗawa da wayar hannu, kuma ba ta kai kuɗin taya ɗaya sabuwa ba. Tasha guda ta mallaki ɗaya, a koya wa yara biyu. Ga sana'a ma ta samu.

Ku kuma ɗalibanmu na injiniya, na Wudil, na Bayero, na Zariya, na kwalejojin Dutse da Kazaure, duk shekara ana neman abin da za a rubuta a aikin kammalawa, a ƙare da kwafo na wani. Ga aiki a ƙofar gida. Ku shiga tashar Birnin Kudu da ta Gwaram da takarda da biro, ku ƙirga mota nawa ke da ABS daga kamfani, nawa ne nasu ke aiki, me ya kashe sauran. Ku auna yadda Sharon mai mutum goma da buhu shida ke tsayawa, don wanda ya ƙera ta bai gwada ta a haka ba. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne, shi ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ya dawo ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Kan da ake buƙata akwai shi a nan.

Direban namu kuwa mun sake haɗuwa a tasha bayan sallah. An buge motar, an yi mata fenti, tana lodi. Muka gaisa, ya ce, "Malam, kai ne mai tambayar fitila ko?" Na ce ni ne. Ya ce bayan abin da ya faru ya kai ta Kano an sa mata kwamfuta. Laifin farkon, wanda aka cire akwatin dominsa, waya ce ta sensan ƙafar baya ta hagu da ta goge ta tsinke. An mayar da bututan inda suke. Ya murza makulli ya nuna mini, fitilar ta kama, ta mutu. Na leƙa baya, but a buɗe, buhuna har sun fi na ranar yawa. Na buɗe baki ya ce, "Malam, ɗaya bayan ɗaya."

Wanda ya hau mota a makon nan ya ɗauko mana hoton dashbod lokacin da aka murza makulli, ya ajiye a ƙarƙashin wannan rubutun, ya faɗi hanyar da ya bi. Kada a sa lambar mota ko fuskar direba, ba tonon silili muke yi ba. Bakanikai da rewayoyi da ke saurare, in na yi kuskure a wani wuri ku gyara mini, zan karanta a shiri na gaba.